Godiyar kaka a ikilisiyar ƙauye: a ci gaba da kiran sunaye ko a bari?

Magatakardan ikilisiya, yankin Gidan Rumji

Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. Ina neman shawararku a kan yadda ya kamata mu gudanar da Lahadin godiyar kaka a bana, domin dattawan ikilisiyarmu sun ɗora mini in tattaro ra'ayoyi kafin zamansu na gaba.

A al'adarmu, idan an gama yankan gero da roron wake, wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, kowane gida yakan kawo baikonsa gaban majami'a. Wani ya kawo damman gero a amalanke, wani ya kawo wake ko gyaɗa ko aya, wata kuma ta riƙo kaza. Ni ne nake tsayawa da littafi ina kiran sunan mai gida tare da faɗin abin da ya kawo, mata suna guɗa. A cikin makon nan kuma akan yi gwanjon kayan, kuɗin ya tafi wajen gyaran kwanon majami'a da sauran hidimomi.

Bana ruwa ya ɗauke mana da wuri, gero bai cika ido ba a gonakin da ke kan jigawa, ko da yake waɗanda ke kusa da fadama sun samu daidai gwargwado. Wasu magidanta sun same ni a keɓe, suka ce ba za su zo sujada ran nan ba, don ba za su iya jin an kira sunansu da tiya biyu a gaban matansu da 'ya'yansu ba, alhali an kira na maƙwabcinsu da dami goma. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin ranar da muka keɓe don dukanmu mu gode wa Allah ta koma ranar da marasa ƙarfi suke ɓuya a gida.

Shin mu daina kiran sunaye gaba ɗaya? Shin daidai ne mu sayar da hatsin a kaka, lokacin da ya fi araha, sa'an nan a watan Yuli da Agusta mu ga waɗanda suka kawo shi suna neman tiya ɗaya da tsada? Kuma ta yaya za a sa iyali duka su shiga cikin godiyar, tun da yanzu mai gida kaɗai ake ambata?

Dattijo daga Tsibiri

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka damu da waɗanda ba su iya faɗin damuwarsu a taro. Amma kada ku yi saurin zubar da abin da kuka tarar kafin ku san dalilin da ya sa aka kafa shi.

Ikilisiyoyinmu na wannan yanki ba su taso cikin yalwa ba. Mishan ɗin SIM ta fara aiki a Damagaram a 1924, ta zo nan Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920, aka kuma samu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Lokacin da ikilisiyar EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, ta tsaya da ƙafafunta a farkon shekarun 1960, masu bi na ƙauyuka manoma ne ƙalilan, kuma su ne suka ɗauki nauyin ciyar da masu bisharar da aka aiko musu. Yawancin iyayenmu ba su yi lakwal ba, ba su iya duba littafin ma'aji su gane abin da aka rubuta. Saboda haka aka riƙa kiran suna da adadi da babbar murya, domin kowa ya ji da kunnensa cewa abin da ya kawo ya shiga lissafi, kada daga baya wani ya ce dattawa sun ci. Kiran nan kariya ce ga mai bayarwa da mai riƙon amana duka. Na ga ikilisiyar da ta rabu biyu a kan zargin buhun gero, kuma gyaran irin wannan ɓaraka yakan ɗauki shekaru.

Ambaton suna kuma ba baƙon abu ba ne a cikin Maganar Allah. A Littafin Ƙidaya sura 7 an jera shugabannin kabilu goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya tare da abin da kowa ya kawo, a Nehemiya sura 3 kuma an rubuta sunayen waɗanda suka gina garun Urushalima, kowa da sashen da ya gyara. Sai dai ka lura, a Ƙidaya 7 baikon shugabannin iri ɗaya ne, babu wanda ya fi wani, don haka babu wanda ya koma gida da kunya.

A ganina laifin yana wajen guɗa da tafi, domin mun bari sun zama ma'auni. Mai dami goma a yi masa guɗa har majami'a ta amsa, mai tiya biyu kuwa a yi shiru a wuce. A yunwar 1984, wadda mutanen nan suke kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, mun yi godiyar kaka da ɗan abin da bai cika tabarma ɗaya ba. An kira sunan kowane gida, an yi waƙa ɗaya ga kowa, ba wanda ya ji an raina shi. Shawarata ita ce ku ci gaba da kiran gidaje, domin mutum yana so ya ji cewa ikilisiya ta san da shi, amma adadin ku bar shi cikin littafi, a karanta jimilla kawai a ƙarshe, duk mai son ganin nasa ya je wurin ma'aji.

Shugabar zumuntar mata, yankin Madarumfa

Baba, na gaishe ka da girmamawa, kuma na ƙaru da tarihin da ka ba mu. Ka yi mini haƙuri in ƙara wani abu da mu mata muke gani, wanda ba kullum yake kaiwa zauren dattawa ba.

Ko an ɓoye adadi a littafi, ido yana gani. Idan ana kiran gida gida suna fitowa, mai amalanke zai fito da samarinsa suna sauke dammai, gwauruwa kuma ta fito da ƙaramin kwano rufe da faifai. Na taɓa zama kusa da wata mata a irin wannan rana. Tun daga farkon sujada kwanonta yana ƙarƙashin mayafinta, ta dafe shi da hannu biyu a kan cinyarta. Da aka kusa zuwa sunan gidanta sai ta miƙa wa ƙaramar 'yarta kwanon, ta ce ta kai, ita kuwa ta sunkuyar da kai ba ta ɗago ba har aka tashi. Geron da ke cikin kwanon daga gamanarta ya fito, ita ta nome shi da hannunta bayan ta gama aikin gandu, kuma na san cewa a makon nan sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidanta. A Markus sura 12 Ubangiji Yesu ya yaba wa gwauruwar da ta zuba 'yan kuɗinta biyu, amma shi ne ya gan ta ya kira almajiransa ya faɗa musu, ba a tsayar da ita gaban jama'a aka sanar ba.

Abin da muka koma yi a wurinmu shi ne, ana karɓar kayan tun ranar Jumma'a da Asabar a gidan ma'aji, a gaban dattawa biyu da mace ɗaya daga zumunta, a rubuta a kuma karanta wa mai kawowa abin da aka rubuta. Ranar Lahadi sai a tarar an jera kome wuri ɗaya a gaban majami'a, ba a san na wane ba ne. Da haka amanar da Baba yake magana a kai ta tsaya, mutuncin mutane kuma ya tsira.

A kan tambayarka ta uku, ƙanena, ina da abin faɗi da yawa. Ana kiran sunan mai gida, amma wa ya bi sahu yana zuba iri ran shuka? Wa ya kai fura gona a lokacin noman fari da maimai? Wa ya yi roron wake, ya yi sussuka da shiƙa? Yara ne suka kori tsuntsaye, su ne suka yi kiwon awaki don kada su shiga gonar mutane. Idan godiya ta zama ta mai gida shi kaɗai, yaro zai girma yana ɗauka cewa wannan harka ce ta manya. Mu mukan roƙi kowane gida su zauna a daren Asabar bayan tuwo, kowa har da ƙaramin yaro ya faɗi abu ɗaya da Allah ya yi masa a shekarar, sa'an nan a zaɓi wanda zai faɗa a madadin gidan. Sau da yawa abin da ke fitowa bai shafi hatsi ba: an sauka lafiya, yaro ya tashi daga zazzaɓin damina, ɗa ya dawo daga biɗa, an shirya tsakanin 'yan'uwan da suka yi shekara ba sa gaisawa. 'Yan makarantar Lahadi kuma kowa yakan riƙo zangarniya ɗaya su shiga da waƙa, ɗan mai shi da ɗan marar shi duk zangarniya ɗaya ce a hannunsu.

Akwai kuma gayya. Gidan da bai samu hatsi ba yana da hannu, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya zo yaɓen majami'a, ko ya taya tsohuwa ɗaure danga, ko ya ɗebo ruwan girkin taro, a gode masa a bainar jama'a kamar kowa. Bayan sujada mukan dafa dambu da tuwo a ci tare, a kuma aika wa maƙwabtanmu Musulmi da mai gari, domin yawancinsu danginmu ne na jini, rijiya ɗaya muke sha, kuma su ma ba sa manta mu da naman layya.

Game da ajiya, mata sun daɗe da sanin hanyarta. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a wannan jiha tamu ta Maradi a 1991 kafin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa, ya koya mana zuba kaɗan kaɗan kowane mako a akwati mai makulli, da yin lissafi a gaban kowa. Idan za ku kafa rumbun ikilisiya, ku sa mata cikin masu riƙon makulli. Mu ne muke sanin gidan da aka kwana biyu ba a ji ƙarar turmi ba.

Malamin gona, Maradi

Mama ta riga ta faɗi babban ɓangaren, ni zan tsaya ne a kan hatsin kansa, tun da shi ne aikina.

Sayar da gero a kaka asara ce da kowane manomi ya sani. A lokacin kowa yana fitar da nasa kasuwa don biyan bashi da hidimar biki, farashi ya faɗi, 'yan kasuwa su saya su kulle. Daga bazara zuwa tsakiyar damina rumbuna sun yi ƙasa, farashi ya hau, mai gida ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya samo tiyar da za a ci ran nan, gonarsa kuma ciyawa ta cinye ta, ta haka yunwar bana take haifar da ta baɗi. Waɗanda suka ga 2005 a jihar Maradi sun san cewa akwai hatsi a kasuwa a shekarar, kuɗin sayensa ne ya gagari talaka.

Don haka ina ba da shawara ku raba abin da aka tara. Abin da ba ya ajiyuwa, kamar kaji da kabewa, a sayar nan take. Gero kuwa a bar shi a damminsa cikin rumbu mai kyau da aka ɗaga daga ƙasa, domin a zangarniya ya fi jimrewa. Wake shi ne mai wuya saboda ƙwari, amma buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, a nan Maradi suka yi aiki a kansa tare da jami'ar Purdue ta Amurka, yana riƙe shi watanni ba tare da magani ba, muddin waken ya bushe sarai kuma an ɗaure kowace leda dabam ba tare da huji ba. Ku riƙa lissafi da tiya, kuna sane cewa tiya ɗaya ta gero wajen kilo 2 da rabi ce, buhu mai kilo 100 kuma wajen tiya 40, kuma tiyar da aka auna da ita wajen karɓa ita za a auna da ita wajen fitarwa.

Ina gargaɗinku da abu ɗaya. Bankunan cimaka, wato rumbunan hatsi na haɗin gwiwar jama'a, da yawa a ƙauyukanmu sun mutu, kuma abin da ya fi kashe su shi ne bashin da ba a biya ba da shugabannin da ba a iya tambayarsu. Tun ranar farko ku yanke wane kaso ne kyauta ga gwauraye da marayu da tsofaffi, wanda ba za a nemi a mayar ba, wane kaso ne rance da za a mayar a kaka. Idan kuka gauraya su, mai iya biya zai ce ai kayan Allah ne, marar iya biya kuma zai daina zuwa sujada saboda nauyin bashi, kun ga an koma gidan jiya. Ku sa ranar buɗe rumbu tun yanzu, ta dace da lokacin noman fari.

Idan ikilisiya tana da gona, ku bar kututturan itatuwa su tofo a cikinta. Sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo na SIM ya fara yaɗawa tare da manoman wannan jiha tun 1983, ba ya cin ko dala: a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kututture, a sare sauran, a kiyaye su. Gawo musamman yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ƙasar da ke ƙarƙashinsa kuma ta fi ƙarfi. Wannan aiki ne da matasa da yara za su iya yi tare da iyayensu.

Fasto, yankin Agye

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka. Baba da Mama ba su yi nisa da juna ba kamar yadda ake gani, domin dukansu suna neman a tsare amana a kuma tsare mutunci. Ni na fi karkata ga tsarin Mama na karɓar kaya kafin Lahadi, tare da riƙe abin da Baba ya ce na ambaton kowane gida, amma a ambace su cikin addu'a, a sa musu albarka da suna, ko sun kawo ko ba su kawo ba.

A Maimaitawar Shari'a sura 26, mai kawo nunan fari yakan sa shi cikin kwando ya miƙa wa firist, ba a faɗi girman kwandon ba. Abin da aka umarce shi ya furta shi ne labarin yadda Allah ya fito da kakanninsa daga bauta a Masar ya ba su ƙasa, daga nan ya yi murna shi da gidansa da Balawe da baƙon da ke zaune tare da su. A sura 14 kuma an ce a kowace shekara ta uku a tara zakkar amfanin gona a cikin gari, domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Rumbun da malamin gona yake kwatantawa yana da tushe a nan. Manzo Bulus ya rubuta a 2 Korantiyawa sura 8 cewa ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, a surar nan kuma ya bayyana cewa an zaɓi waɗanda za su raka kuɗin taimako don kada a sami abin zargi.

Ga magidantan da suka ce ba za su zo ba, kada ka jira Lahadi, ɗana. Ku je gidajensu kai da fastonku da dattijo ɗaya, ku zauna a zaure ku saurare su kafin ku yi magana. Ku tuna musu da kutare goma na Luka sura 17, inda wanda ya komo ya yi godiya bai riƙo kome a hannunsa ba, muryarsa kawai ya ɗaga ya fāɗi a gaban Yesu. Mu mutanen Maradi wannan labari ba ya mana nisa, domin asibitin kutare na Danja yana nan kusa da mu, kuma akwai gidajen masu bi da dama da bangaskiyarsu ta faro daga can. Wa'azin ranar kuma ya dace ya fito daga ƙarshen Habakuk sura 3, inda annabin ya ce ko gonaki ba su ba da abinci ba zai yi farin ciki da Ubangiji.

Akwai gaskiya ɗaya da ya kamata in faɗa a matsayina na fasto. A ikilisiyoyin ƙauye da yawa, hatsin godiyar kaka shi ne abincin gidan mai bishara na watanni, kuma shi ba zai iya buɗe baki ya tuna muku ba. Idan za ku sake tsarin rabo, ku fara keɓe nasa kason a fili, dattawa su yanke shi ba tare da yana wurin ba. Kwanon majami'a kuwa a yi masa baiko na dabam a cikin rani, lokacin da masu cin rani suke aiko da kuɗi gida.

Magatakardan ikilisiya, yankin Gidan Rumji

Na gode Baba, na gode Mama, na gode malam, na gode fasto, Allah ya saka muku da alheri. Zan kai wa dattawa maganar karɓar kaya ranar Jumma'a da Asabar, da ta rumbu, da ta kason mai bishararmu, kuma na riga na yi magana da fastonmu za mu fara zagaya gidajen a wannan mako.

Saura abu ɗaya da nake so Mama ta ƙara mini haske a kai. Wasu daga cikin masu kawo da yawa sun saba da jin sunansu da guɗa, kuma ina tsoron kada su ɗauka cewa an yi wannan canji ne don a rage musu daraja, su janye hannunsu. Lokacin da kuka sake tsarin a wurinku, wa ya fara yi musu magana, kuma a taro aka yi ta ko gida gida aka bi su?